Yadda ɗalibi zai fara nazarin taurari daga Kaduna har ya kai ga karanta falaki a jami'a

Kusan kowace shekara sai an samu yaro ɗaya ko biyu a ajin SS1 ko SS2 da zai tsaya bayan an tashi, ya jira kowa ya watse, sannan ya matso ya ce, "Malam, ni fa taurari nake so in karanta." A gaban 'yan aji ba ya iya faɗa, don kada a laƙaba masa boka. Na daɗe ina fita da irin waɗannan yara filin makaranta bayan isha'i, mu shimfiɗa tabarma mu ɗaga kai. Waɗanda suka ɗore a cikinsu, su ne waɗanda suka riƙe littafin rubutu da lissafi. Masu zumuɗin sayen na'ura tun ranar farko yawanci wata uku suke yi su watsar. A kan wannan na tsara bayanin nan. Zan riƙa cewa "kai" don sauƙin magana, amma 'yan mata na ciki, kuma sau da yawa littafinsu ya fi na maza tsafta.

Mu raba zare da abawa tukuna. Ilimin falaki shi ne auna sararin sama: nisan tauraro, zafinsa, abin da ke cikinsa, lokacin fitowar wata da lokacin husufi. Ba shi da haɗi da duba ko faɗa wa mutum ranar da zai yi arziki. Ka riƙe wannan bayanin da kyau, domin a gida za a tambaye ka.

KAYAN AIKI

Littafin rubutu mai bango mai ƙarfi da fensir biyu. Fensir ya fi biro saboda zane za ka riƙa yi.

Tocila ƙarama da ka rufe bakinta da jan leda ninki biyu ko uku, ka ɗaure da roba.

Tabarma, rigar sanyi, hula, da maganin sauro na shafawa.

Kalandar Musulunci, irin wadda ake ratayewa a shago. Ita za ta riƙa gaya maka daren duhu da daren farin wata.

Sanda miƙaƙƙiya mai tsawon mita 1, rula, zare da ɗan dutse a ƙarshensa, da kalkuletar da kake zuwa da ita aji.

Waya, ko ta aro ce, da manhajar Stellarium ko Sky Map. Stellarium ta kwamfuta kyauta ce, kuma idan ka sauke ba ta buƙatar data.

Madubin hangen nesa mai ido biyu, wato bainakula, idan da hali. Nemi wanda aka rubuta wa 7x50 ko 10x50. Lambar farko ita ce yawan ninkin da yake kusanto da abu, ta biyu faɗin gilashin gaba ne a milimita. Idan babu, kada ka damu, matakai huɗu na farko ido kawai suke so.

Teliskof ba ya cikin jerin nan da gangan. Za mu zo kansa.

MATAKI NA 1: Samu wuri, ka san lokaci

A tsakiyar gari, wajen Ahmadu Bello Way ko Kawo, hasken fitilu yana cinye yawancin taurari. Duk da haka wata da manyan duniyoyi suna fitowa ko'ina. Abin da kake nema shi ne inda fitila ba ta dukan idonka kai tsaye: tsakar gida, saman bene, filin makaranta, ko bayan katanga da za ta tare maka hasken maƙwabta. Unguwannin gefen gari irin su Rigachikun da Millennium City sun fi duhu. Ranar da aka ɗauke wuta kuwa, kowa na tsaki, kai ka ɗauki tabarma.

Kada sha'awar duhu ta kai ka daji. Halin tsaro ba ɓoyayye ba ne. Ku fita ku uku ko huɗu, da babba a tare da ku, kuma a sanar da mai unguwa ko 'yan sintiri tun da rana. Akwai daren da muka yi sakaci da wannan, sai ga masu gadi da sanduna suna tambayar abin da muke leƙe a gidajen mutane. Da ƙyar muka fahimtar da su, ƙarshe dai su ma suka karɓi madubin suka kalli wata. Haka kuma kada ka haska koren leza sama. Kaduna gari ne na jiragen sama da sansanin sojan sama, hasken na iya dame idon matuƙi, kuma zai jawo maka abin da ba ka shirya ba.

Game da lokaci, mafi kyawun sama a nan shi ne daga ƙarshen Oktoba zuwa cikin Nuwamba, ruwa ya ɗauke, hazo bai sauko sosai ba. A Disamba da Janairu akwai dare mai kyau, akwai wanda ƙurar hunturu ke rufe komai sai manyan taurari. Da damina gajimare ne, amma daren da aka yi ruwa da yamma aka washe, ba abin da ya kai shi tsabta. A kalandar Musulunci, daga 23 ga wata zuwa 3 ga na gaba su ne dararen duhu da farkon dare. Daren sha huɗu na masu hira ne a ƙofar gida, taurari ba sa fitowa sosai.

Idan ka zauna, ba idonka minti 20 zuwa 30 ya saba da duhu. Kallon fuskar waya sau ɗaya yana rushe wannan, sai ka sake daga farko. Shi ya sa muke amfani da jan haske, ita ma manhajar tana da maɓallin mayar da fuskarta ja.

MATAKI NA 2: Koyi awon sama da hannunka

Ana auna tazarar sama da digiri. Daga inda sama ta haɗu da ƙasa zuwa tsakar kanka digiri 90 ne. Miƙe hannu sosai: faɗin ƙaramin yatsa kusan digiri 1 ne, dunƙulen hannu kusan digiri 10, taƙi kuma wajen 20 zuwa 25. Babba da yaro duk ɗaya ne, domin mai babban hannu damtsensa ma ya fi tsawo.

Abu biyu kawai za ka riƙe na ƙa'ida. Duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa, don haka taurari na tafiya daga gabas zuwa yamma kamar rana. Sannan kowane tauraro yana riga jiya fitowa da minti 4, wato awa 2 a wata. Shi ya sa taurarin hunturu daban, na bazara daban.

Gwada da kanka: zaɓi tauraro mai haske kusa da kan wata bishiya ko turken wuta, tsaya a wuri ɗaya, rubuta lokacin da ya ɓuya a bayansa. Maimaita gobe da jibi. Idan ka ga minti huɗun nan da agogonka, ka yi awonka na farko a falaki.

MATAKI NA 3: San taurarin kanka ɗaya bayan ɗaya

Kuskuren sabon shiga shi ne ɗaga waya sama yana bin sunaye ɗari a dare ɗaya, gari ya waye bai riƙe ko ɗaya ba. Gungu ɗaya a mako ya isa. Duba manhaja a ɗaki, zana siffar a littafi, fita ka nemo ta da ido.

Fara da wadda kakanninmu suka sani, Kaza da 'ya'yanta, wadda Larabawa ke kira Surayya. A Nuwamba bayan isha'i tana gabas, 'yan taurari ne cure wuri ɗaya. Yawancin mutane shida suke ƙirgawa, mai kaifin ido ya ga bakwai ko fiye. Haskenta ya yi shekara wajen 440 a hanya kafin ya iso idonka.

Wajen ƙarfe 9 na dare a tsakiyar Nuwamba, taurari uku a jere za su taso daga gabas, kamar an sa rula an jera su. Wannan ita ce ɗamarar gungun Oriyon, kuma ita ce mabuɗin saman hunturu. A Janairu wajen ƙarfe 10 tana kusan tsakar ka. Bi layin ukun nan zuwa ɓangare ɗaya, za ka faɗa kan wani jan tauraro, Aldabaran, ka wuce shi ka iske Kaza. Bi layin ta ɗaya ɓangaren, za ka iske tauraron da ya fi kowanne haske da dare, Siriyus, nisansa shekarar haske 8.6, wato tafiyar da haske ke yi a shekara 8.6. Shi ne Shi'ira da aka ambata a aya ta 49 ta Suratun Najmi. Can kudu da shi akwai Suhailu, na biyu a haske. Za ka lura sunaye da yawa na Larabci ne da bakin Turawa ya sauya: Rigel daga rijlu, ƙafa, Deneb daga zanab, wutsiya. Wanda ya yi Islamiyya yana da riba a nan.

Daga Maris zuwa Yuni ka juya arewa. Taurari bakwai ne masu siffar ludayi, Larabawa na ce musu Banatu Na'ash. Biyun da ke bakin ludayin, ja layi ta kansu ka ninka tazararsu sau biyar, za ka sauka kan tauraron arewa. Ba shi da haske sosai, kuma a Kaduna dunƙulen hannu ɗaya ne kawai sama da ƙasa, digiri 10 da rabi, don haka gini ko hazo na iya ɓoye shi. Wannan tsayin nasa daidai yake da nisan Kaduna daga layin da ya raba duniya biyu. Ba ya motsi, sauran ne ke kewaya shi.

Muna da wata gata da ɗalibin Ingila ba shi da ita: kusancinmu da tsakiyar duniya ya sa muna ganin taurarin arewa da yawancin na kudu. A Afrilu da Mayu wajen ƙarfe 10 zuwa 11, dubi kudu, dunƙule biyu daga ƙasa, za ka ga taurari huɗu masu siffar gicciye. Gabas da su akwai biyu masu haske, na nesa da gicciyen shi ne Alfa Sentori, maƙwabcin rana, shekarar haske 4 da 'yan kai. Da damina kuma Kunama ce ke mulkin kudu, da jan tauraro a ƙirjinta da ƙari a lanƙwashe. Ita kam ba sai an nuna maka ba, da ka gan ta ka san kunama ce.

Abin da ke da haske amma ba ya ƙyaftawa, duniya ce irin tamu mai kewaya rana. Zara matar wata da ake gani a yamma bayan magariba, da Gamzaki mai fita da asuba, abu ɗaya ne, duniyar Zuhura, wani lokaci tana bin rana, wani lokaci tana riga ta. Ba za ka taɓa ganin ta tsakar ka da tsakar dare ba, domin ba ta nisa da rana fiye da digiri 47. Mushtari fari ne tas, Mirrihu ja-ja, Zuhal ruwan ɗorawa mai sanyin haske. Su ba su da mazauni ɗaya a tsakanin taurari, sai ka tambayi manhaja inda suke a bana. Abin da ke tafiya a hankali ba ƙara ba walƙiya, tauraron ɗan'adam ne.

MATAKI NA 4: Buɗe littafin, ka fara awo

Nan ne ake rabuwa tsakanin mai kallo da ɗalibi. Kowane dare ka rubuta kwanan wata na boko da na Musulunci, lokaci, wuri, yanayin sama, abin da ka gani, da zane. Abin da idonka ya gani za ka zana, ko da bai yi kama da hoton intanet ba. Daren da ba ka ga komai ba, rubuta "hazo" ka rufe. Ga ayyukan da nake ba yara, daga mai sauƙi.

Na wata. Tun daga tsayuwarsa, kullum bayan magariba ka zana siffarsa da inda yake, ka auna tazararsa da yamma da dunƙule. Za ka tarar yana matsawa gabas wajen digiri 13 kowace rana, yana kuma jinkirin fitowa da kimanin minti 50. Bayan sha huɗu sai ka koma dubansa da asuba. Zagayen na cika a kwana 29 da rabi, dalilin da ya sa watan Musulunci ke yin 29 ko 30 ke nan. Wanda ya yi wannan aikin wata biyu a jere zai fahimci abin da kwamitin duban wata na Sarkin Musulmi ke fama da shi fiye da mai gardama a majalisa.

Na girman wata. Huda kati da abin huda takarda na ofis, ramin kan kai milimita 6. Daren sha huɗu, rufe ido ɗaya, riƙa nesanta katin har wata ya cika ramin daidai, wani ya auna maka daga ido zuwa kati. Za ka samu wajen santimita 66. Raba 660 da 6, ka samu 110. Nisan wata kilomita 384,400 ne a matsakaici, raba shi da 110, ka samu kusan 3,500. Ainihin faɗinsa kilomita 3,474 ne. Da kati da rula ka auna wata.

Na inuwa, wanda na fi so. Kafa sandarka a shimfiɗaɗɗen siminti, yi amfani da zare da dutse ka tabbatar ta miƙe, domin ɗan karkata kaɗan yana ɓata komai. Tabbatar mita 1 cif ne ke sama da ƙasa. Daga ƙarfe 12 zuwa 1 ka riƙa sa alama a ƙarshen inuwa duk minti biyar. Mafi gajartar inuwa ita ce tsakar rana ta gaskiya, kuma a Kaduna ba ƙarfe 12 take ba, wajen 12:30 ce, tana ɗan gaba ko baya bisa ga wata. Ranar 20 ko 21 ga Maris, da 22 ko 23 ga Satumba, inuwar za ta kai kusan santimita 18 da rabi tana kallon arewa. Raba da 100, danna tan⁻¹ a kalkuleta, za ka ga digiri 10 da rabi, lambar nan dai ta tauraron arewa. Idan kana da ɗan'uwa a Legas ya yi tare da kai a ranar, tasa inuwar wajen santimita 11 za ta tsaya. Da irin wannan bambancin masanin Girka Eratostenis ya auna kewayen duniya a Masar shekaru fiye da 2,200 da suka wuce. Wajen 17 ga Afrilu da 26 ga Agusta kuma rana na bi ta tsakar kan Kaduna, sandar ta rasa inuwa gaba ɗaya na ɗan lokaci. Tara ƙannenka su gani.

Na alƙibla. Ranar 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogonmu, da 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27, rana tana daidai saman Ka'aba. Duk wanda ya fuskanci rana a lokacin ya fuskanci alƙibla. Ja layi a kan inuwar sandarka. Wannan aikin ne ya fi saurin sa iyaye su daina kallon abin a matsayin shiririta.

Na ruwan taurari. Daren 13 zuwa 14 ga Disamba shi ne mafi kyau a wurinmu, idan wata da hazo sun bari. Kwanta rigingine daga ƙarfe 11 zuwa 2, kada ka yi amfani da madubi, ka ƙirga nawa suka gilma a kowace awa. Ba taurari ba ne ke faɗowa, ɓurɓushin duwatsu ne ke ƙonewa a iska. Na 12 ga Agusta ya shahara a ƙasashen Turai, mu nan gajimare ke hana mu.

MATAKI NA 5: Madubi, da batun teliskof

Idan ka samu bainakula, matsalar farko rawar hannu ce. Jingina gwiwar hannu a kan katanga, ko ka kifa tsintsiya mai sanda ka ɗora shi a kai. Fara da wata tsakanin 5 da 10 ga wata, ka dubi iyakar haske da duhu, nan ramuka da duwatsu ke fitowa saboda inuwa. Sai Kaza, wadda za ta zama taurari gommai. Sai ɗan hayaƙin da ke rataye kusa da taurari ukun nan na Oriyon, gajimaren iskar gas ne inda ake haihuwar sababbin taurari. A Nuwamba wajen ƙarfe 10, sama ta ɓangaren arewa, akwai wani dishi-dishin haske, galaksin Andoromeda, wato tarin biliyoyin taurari, nisansa shekarar haske miliyan 2 da rabi.

Sannan Mushtari. Idan hannunka ya tsaya cak, za ka ga ɗigo har huɗu a jere a gefensa, watanninsa ne, waɗanda Galileo ya gani a 1610. Zana su kowane dare na mako biyu. Na ciki yana kewayawa cikin awa 42, na waje cikin kwana 17 ba kaɗan. Ka ga tsarin da ke motsi a gaban idonka.

Kafin ka sayi na hannu a kasuwa, duba abu mai nisa da ido biyu. Idan ka ga hoto biyu, madubin ya goce, ajiye shi komai arharsa. Kuma kada ka goge gilashi da bakin riga, ƙurar hunturu yashi ce, tana karce shi. Hura tukuna, sannan ƙyalle mai laushi.

Teliskof kuwa, wanda aka rubuta wa "600x" a kwali da hotuna masu launi, kuɗinka kawai zai ci. Na ga guda uku irinsa a hannun yara, ƙafafunsu na rawa ko iska ba ta kaɗa ba. Faɗin gilashi ko madubi ne abin dubawa, domin shi ke tara haske. Ninkin da zai yi amfani ba ya wuce faɗin a milimita sau biyu, wato mai milimita 70 iyakarsa 140. Idan za ku haɗa kuɗi a kulob ɗin makaranta, ku nemi mai madubi na milimita 114 zuwa 150 a kan irin gindin nan mai sauƙi da ake kira Dobson. Da shi za ku ga zoben Zuhal sarai.

Idan babu ko ɗaya, haɗa naka. Je wurin masu gilashin ido ka nemi gilashin karatu mai ƙarfin +1.00 wanda ba a yanka ba, yana tara haske a nisan mita 1. Samu ƙaramin gilashin ƙara girma mai tarawa a santimita 5, da bututun roba biyu na famfo da ɗaya ke shiga cikin ɗaya. Babban a gaba, ƙaramin a ido, ka riƙa zugewa har hoto ya fito. Ninki 20 ke nan. Hoton a kife zai zo, ba laifi ba ne. Rufe gefen gilashin gaba da baƙin kati ka bar rami na santimita 2 zuwa 3 a tsakiya, zai rage bakan gizon da ke gefe. Ramukan wata za su fito.

Gargaɗi mafi girma: kada ka taɓa duban rana da bainakula ko teliskof, ko na ƙiftawar ido. Makanta ce ba magani, kuma ba a jin zafi lokacin da take faruwa. Baƙin tabarau, hoton asibiti, gilashin da aka yi wa hayaƙi, da ruwa a kwano da muka saba gani ranar husufi, duk ba sa karewa. Gilashin walda sai mai lamba 14, kuma yawancin wanda ke hannun masu walda bai kai haka ba. Hanya mai lafiya ita ce ka huda kati da allura, ka ba rana baya, hotonta ya sauka kan farar takarda. Ka fara gwadawa tun yanzu. Manyanmu na tuna 29 ga Maris 2006, da rana ta rufe ruf a Gusau da Katsina. Ranar 2 ga Agusta 2027 za ta rufe a Makka da Luksor ta Masar, mu a arewa mu ga wani sashe ya kamu. Ranar 20 ga Maris 2034 kuma cikakken husufin zai ratsa kudancin Najeriya.

MATAKI NA 6: Gyara takardunka tun daga SS1

Gaskiya mai ɗaci: falaki a jami'a fiziks ne da lissafi. Masanin falaki na yau ya fi daɗewa gaban kwamfuta fiye da ƙarƙashin sama. Idan kana gudun lissafi, yau za ka daina.

Kana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci, lissafi, fiziks da kemistiri. Idan makarantarku na koyar da ƙarin lissafi, wanda ɗalibai ke kira foda mas, ɗauke shi ko da abokai sun tsorata ka, domin shi ne zai sauƙaƙa maka aji ɗaya a jami'a. Ba a yi a makarantarku? Sayi littafinsa na hannu, ka nemi ɗalibin jami'a a unguwa ya riƙa zama da kai ranar Asabar. Ka fi ba da ƙarfi a tirigonometiri, logaridim, motsi a da'ira, dokar jan nauyi ta Newton, da haske. A JAMB haɗin da aka saba shi ne Turanci, fiziks, lissafi da kemistiri, amma ka buɗe kundin JAMB na shekararka ka karanta da idonka. Kada ka bar mai shagon kwamfuta ya zaɓa maka darasi ko kwas, yara da yawa sun yi asarar shekara a nan.

Fara koyon Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, ko a waya ne. Aikinka na farko: zuba awon inuwarka na wata uku, ka fitar da zanensa. Shafin Zooniverse kuma yana ba kowa damar taya masana tantance hotunan galaksi na gaske.

MATAKI NA 7: Zaɓin jami'a da maganar gida

Hanya biyu ce. Ta farko, Jami'ar Najeriya da ke Nsukka a jihar Enugu, mai sashen fiziks da falaki. Nan ne cibiyar wannan ilimi a ƙasar. Marigayi Farfesa Samuel Okoye, wanda ya yi digirinsa na uku a Kambirij ƙarƙashin Antony Hewish mai kyautar Nobel ta 1974, a can ya koyar. A garin ne kuma hukumar sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, wadda aka kafa a 1999, take da cibiyarta ta binciken falaki.

Ta biyu, wadda na fi ba yaran Kaduna shawara idan nisa ko kuɗi zai hana: yi digirin fiziks a ABU Zariya, KASU ko BUK, ka fito da sakamako mai kyau, ka sa aikin ƙarshe na aji huɗu ya shafi sararin sama, sannan ka karkata falaki a digiri na biyu. Masana falaki da yawa a duniya ta nan suka bi. Idan makinka bai kai ba, akwai IJMB, shirin share fagen shiga jami'a, ka shiga aji biyu kai tsaye. Wanda kuma ya gane ƙera jirgi da tauraron ɗan'adam ne ke ransa, injiniyan jiragen sama yake nema, ga AFIT, makarantar fasaha ta sojan sama, nan a cikin gari. Kwas biyu ne daban, kada sunan sama ya ruɗe ka.

Bayan digirin farko ƙofofin suna waje. Afirka ta Kudu na da shirin NASSP na digiri na biyu, ga teliskof na rediyo MeerKAT mai faranti 64 da wani mafi girma, SKA, da ake ginawa. Akwai cibiyoyin AIMS na lissafi a Ghana, Senegal, Kamaru da Ruwanda, da cibiyar ICTP a Italiya. Akwai kuma makarantar hutu ta PASEA da aka fara a Abuja a 2013, tana ɗaukar ɗaliban jami'a. Dukansu abu uku suke dubawa: sakamako, wasiƙar malami da ya san ka, da shaidar cewa ka taɓa yin wani abu da hannunka. Littafinka na shekara uku shi ne shaidar.

A gida kuma Baba zai tambaya, kuma yana da gaskiya: "To in ka gama, wane aiki za ka yi?" Kada ka ce masa za ka je wata. Faɗa masa gurbin aikin falaki zalla kaɗan ne a Najeriya, amma mai fiziks da ya iya lissafi da kwamfuta yana koyarwa, yana aiki a hukumar sararin samaniya ko ta hasashen yanayi, a kamfanonin sadarwa, ko wurin masu nazarin bayanai. Kada ka yi wannan maganar kai kaɗai in kana ganin za ta yi tsauri, nemi kawu ko malaminka na fiziks ya zo. Ka zo da littafin, ka buɗe shafin layin alƙibla da na zanen wata.

Shafin farko kuwa yau ake buɗe shi. Duba kalanda ka ga nawa ga wata. Idan bai wuce 14 ba, bayan magariba wata na sama yana jiranka. Idan ya wuce, sa ƙararrawar waya minti 20 kafin kiran assalatu, ka ajiye fensir da tocilar kusa da kai.